Yadda Ake Kafa Rumfar Zamani a Ƙofar Tashar Jirgin Sama Mai Cunkoso

Duk mutumin Zariya da ya taɓa raka maniyyaci zuwa Kaduna, ko ya je tarbar ɗan'uwa a filin jirgin Malam Aminu Kano, ya san cewa wahalar tafiyar sama tana somawa tun kafin a hango jirgi. Tana somawa ne a ɗan filin nan da ke tsakanin ƙofar mota da ƙofar gini, inda ake sauke akwatuna cikin zafin ranar Afrilu, ko kuma a ruga da jaka a ka idan ruwan Agusta ya kece. Magabatanmu ba su yarda baƙo ya tsaya a rana yana sallama ba, shi ya sa kowane gida na kirki yake da zaure, inda ake tarbar mai shigowa, a sallami mai fita, a kuma tantance wanda zai wuce ciki. Rumfar da ake kafawa a ƙofar tashar jirgi wannan aikin take yi, sai dai baƙinta dubbai ne, kuma da motoci suke zuwa.

Maganar ta shafi Zariya kai tsaye, ko da yake filin jirginmu ya fi karkata ga horo fiye da ɗaukar fasinja. A nan Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1964, a nan kuma Jami'ar Ahmadu Bello take yaye masu zanen gini da injiniyoyi, waɗanda wata rana irin wannan aiki zai faɗo hannun wasunsu, ko su zana shi, ko su sa ido a kansa, ko su rattaba hannu a biya kuɗinsa. Abin da nake so su riƙe shi ne jerin yadda ake bi: a fara da ƙirga mutane da motoci, a bi da lissafin rana da ruwa da iska, sannan a zo kan siffa. Rumfa takan ba da kunya ne idan an soma ta daga kyakkyawan hoto a kwamfuta, aka dawo ana neman inda ruwa zai bi bayan an gama ɗora ƙarfe.

A fara da zama a bakin ƙofa

Kafin a ja layi ko ɗaya a takarda, a tura mutane su zauna a bakin tashar na tsawon mako biyu aƙalla, da agogo da littafi a hannu, su rubuta motoci nawa ke tsayawa a kowace sa'a, wace iri ce, minti nawa take yi kafin ta tashi, kuma mutum nawa ke fitowa daga cikinta. Tsawon rumfa daga wannan littafin yake fitowa. A ɗauka cewa a sa'ar da aka fi cunkoso motoci 240 ne ke sauke fasinja, kowace tana yin minti 3. Ke nan motoci 12 ne za a tarar a tsaye a kowane lokaci, idan kuma aka ba kowace mita 7 da rabi domin shiga da fita da buɗe but, ana bukatar mita 90 na bakin titi, a ƙara wani abu a kai saboda motoci ba a jere suke isowa ba.

A nan ne littattafan da aka rubuta domin Turai suke yaudarar mai zane. A wurinmu matafiyi ba shi kaɗai yake zuwa ba. Hajiya guda ɗaya za ta iya isowa da motoci uku na 'yan rakiya, a sauko, a yi addu'a, a yafi juna, a ɗauki hoto, a sake tuna mata da sallahu, kuma babu ɗan sandan da zai katse wannan da usur ba tare da ya sha baƙar magana ba. Idan tsayuwar ta koma minti 6, mita 90 ɗin nan ta zama 180 nan take. Mafita ita ce a raba aikin gida biyu: bakin titi ya zama na saukewa kawai, sannan a tanadi fili mai inuwa da kujeru a gefe, kusa da wurin ajiye motoci, inda za a yi bankwana a natse. A sa wurin alwala da masallaci kusa da wannan filin, domin in ba a yi haka ba, a gindin ginshiƙan rumfar za a riƙa zuba ruwan buta.

A kuma yi ƙirgen da tunanin ranar da ba a saba gani ba. Lokacin jigilar alhazai daban yake da sauran shekara, haka ma Umrar azumi da ƙarshen Disamba, haka ma ranar da hazon hunturu ya hana jirage tashi mutane suka taru a waje suna jira. Mutanen Kaduna sun ga wannan da idonsu a 2017, lokacin da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida daga 8 ga Maris domin gyaran titin saukar jirage, aka karkato da zirga-zirgar babban birnin gaba ɗaya zuwa can. Ba za a gina rumfa domin irin wannan mako shida ba, amma ya kamata a zana ta ɗaki-ɗaki, tazarar ginshiƙai iri ɗaya, yadda za a iya ƙara mata tsawo nan gaba ba tare da rushe komai ba.

Tsayi da faɗi

Tsayin rumfa ciniki ne tsakanin abu biyu da ba sa jituwa. Dole motar kashe gobara da doguwar bas ta alhazai su wuce ƙarƙashinta ba tare da sun taɓa fitila ko allon sanarwa ba, wanda yakan kai mai zane ga mita 5 zuwa 5 da rabi. A auna motocin da tashar take da su da tef, kada a dogara da zato. To amma duk yadda rumfa ta ƙara tsayi, haka kariyarta take raguwa. Ruwan da iska ta kwantar da shi rabi-da-rabi tsakanin tsaye da kwance yana shiga ƙarƙashin rufi gwargwadon tsayin rufin, wato rumfa mai mita 5 da rabi za ta jiƙe har mita 5 da rabi daga bakinta, kuma feshin hadarin gabas a farkon damina yakan kwanta fiye da haka.

Rana ma haka take. Zariya tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a watan Disamba ranar tsaka takan karkata kudu, ta tsaya wajen digiri 55 daga doron ƙasa, inuwar rufi mai mita 5 da rabi ta gusa kusan mita 4 zuwa arewa. Idan ƙofar tashar kudu take kallo, mita 4 na gaban rumfar rana ce za ta cinye su a lokacin. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta kuma ranar takan ɗan koma arewa. Mafi wuyar sha'ani ita ce ƙofar da ke kallon yamma, domin ranar la'asar a kwance take shigowa, babu faɗin rufin da zai tare ta. Sai dai a rataya faranti masu huji-huji a bakin rumfar, su karya rana su bar iska ta wuce. Dabarar da ta fi dacewa da mu ita ce rufi hawa biyu: babba mai tsayi a kan titin motoci, da ƙarami mai wajen mita 3 a kan hanyar masu tafiya a ƙafa, babban ya haɗiye bakin ƙaramin, a bar tazara tsakaninsu inda iska mai zafi da hayaƙin motoci za su fice.

Ruwa

Wannan shi ne babin da ya kamata a fi daɗewa a kansa. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukansa tsakanin Mayu da Satumba, amma jimillar shekara ba ta damu mai zanen rumfa ba. Abin da ya dame shi shi ne rubu'in sa'ar da sama ta ɓalle. Lissafin mai sauƙi ne: milimita 1 na ruwa a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rumfa mai tsawon mita 100 da faɗin mita 15 tana da murabba'in mita 1,500, idan aka yi ruwan milimita 50 cikin sa'a guda ta tara lita 75,000, fiye da cikin tankar ruwa biyu manya. Idan kuma ruwan ya sauko da ƙarfin milimita 150 a sa'a, ko da na minti goma ne, lita 62 ke neman hanyar fita a kowace daƙiƙa. A nemi alkaluman ƙarfin ruwa na wurin daga hukumar hasashen yanayi ta NiMet, a auna gwata da bututu da su.

Haɗarin ruwa a nauyinsa yake. Idan bututu ya toshe ruwa ya kwanta zurfin santimita 10, kowane murabba'in mita ya ɗauki kilo 100 da ba a yi lissafi da shi ba, rufin ya ɗan lotsa, lotsawar ta ƙara jawo ruwa, ruwan ya ƙara lotsa shi, har abin ya kai inda ba a so. A ranar 28 ga Yuni 2024 wani ɓangare na rumfar tasha ta ɗaya a filin jirgin Indira Gandhi da ke Delhi ya rufto a kan motoci ana tsaka da mamakon ruwa, direban tasi guda ya rasu, wasu suka ji rauni, a cikin makon kuma rumfunan tanti na filayen jirgin Jabalpur da Rajkot suka yage bayan ruwa ya taru a kansu. Damina irin ta Indiya ba ta yi nisa da tamu ba.

Maginan Zazzau sun warware wannan matsala tun da daɗewa, kuma darasinsu bai tsufa ba. Soron ƙasa ba ya yarda ruwa ya kwana a kansa, shi ya sa ake yi masa tudu a tsakiya, a sa indararo mai tsawo da zai watsa ruwan nesa da bango, a fili inda kowa zai gani in ya toshe. Mai zanen zamani yakan so ya ɓoye bututu a cikin ginshiƙi domin kyau, ba laifi ba ne, amma da sharaɗi uku. Kowace gwata ta sami mafita biyu aƙalla, domin in leda ko sheƙar tsuntsu ta toshe ɗaya, ɗayar ta ɗauka. A yi mata kuma indararon ko-ta-kwana a ɗan sama da mafitar, wanda ba ya zubar da ruwa sai in bututu ya cika, a sa shi inda ma'aikata za su gan shi yana zuba su san akwai matsala, ba kan fasinja ba. Sannan kowane bututu ya sami murfin da za a buɗe a gindinsa a zura sanda. Ni dai da za a ji tawa, da an kauce wa rufi mai siffar fikafikan malam-buɗe-littafi, wanda yake tattara ruwa duka a kwari guda a tsakiya, sai in gwatar tsakiyar tana da faɗin da mutum zai taka a cikinta ya share.

Ruwan da ya sauko ƙasa ma bai gama aikinsa ba. A duba ko tsofaffin kwalbatocin tashar za su iya ɗaukar ƙarin, domin a da ruwan yana bazuwa ne a fili, yanzu kuwa a wuri ɗaya zai riƙa fitowa da ƙarfi. In da hali, a haƙa tanki a ƙarƙashin ƙasa a tara shi, zai yi amfani wajen wanke rumfar kanta idan ƙurar hunturu ta lulluɓe ta. Kada a bar tafki a buɗe kusa da filin jirgi, saboda ruwan kwance yana kiran tsuntsaye, tsuntsu kuwa abokin gabar injin jirgi ne.

Iska

Kowace shekara guguwar farkon damina tana yaye kwanon makarantu da gidaje, wani lokaci ta kifar da rumfar gidan mai, kuma dalilin ɗaya ne: rufin da ba shi da bango iska tana turo shi daga ƙasa, tana kuma zuƙo shi daga sama a lokaci guda. Ƙarfin turin yana ninkuwa huɗu idan gudun iskar ya ninku biyu. Iska mai gudun mita 40 a daƙiƙa, wato kilomita 144 a sa'a, tana matsa kusan kilo 100 a kan kowane murabba'in mita, a kan rumfarmu ta misali kuwa wannan tan 150 ke nan kafin injiniya ya daidaita lissafin da siffar rufin. Saboda haka harsashin rumfa aikinsa ya sha bamban da na gidan bene: ana bukatar ya danne ta kada ta tashi, fiye da yadda ake bukatar ya tallafe ta kada ta nutse. A bi sarkar ɗaurin daga sama har ƙasa, daga ƙusar da ta riƙe kwano zuwa notin da ya riƙe gindin ginshiƙi a kankare, a ƙara yawan ƙusoshi a gefuna da kusurwoyi inda iska take fara ɓamɓara. Falle ɗaya na kwano da ya tashi ya faɗa wurin tsayuwar jirage ya isa a dakatar da tashi da sauka.

Ƙarfe kuma yana numfashi. Tsakanin sanyin asubar Janairu da zafin da ƙarfe ke ɗauka a ranar Afrilu ana iya samun bambancin digiri 40 ko fiye, wanda ke sa ƙarfe mai tsawon mita 100 ya miƙe ya koma da kusan santimita 5. A raba doguwar rumfa gida-gida da mahaɗa mai motsi. Kuma a tsayar da ita a kan ƙafafunta, kada a rataya ta a jikin tsohon ginin tasha sai injiniya ya gwada ƙarfin ginin ya rubuta cewa zai ɗauka. Tazarar da ke tsakaninsu a rufe ta da farantin da aka ɗaure a gefe ɗaya kawai, yadda kowanne zai motsa ba tare da ya tsaga ɗan'uwansa ba.

Abin da za a rufa da shi

Alhazan Zariya sun san rumfa mafi shahara a wannan fanni ko da ba su san sunan mai ita ba. Tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz a Jidda, wadda aka buɗe a 1981, tantuna 210 ne, kowanne mita 45 tsawo da faɗi, na zaren gilashi da aka shafe da wata roba mai santsi da ake kira Teflon, kamfanin SOM na Amurka ya zana, injiniya Fazlur Rahman Khan na cikin waɗanda suka jagoranci aikin, ta kuma ci lambar yabo ta Aga Khan a 1983. Farin yadin yana mayar da mafi yawan zafin rana, yana tace haske mai laushi zuwa ƙasa, gefuna a buɗe suke, iska mai zafi kuma tana fita ta ƙoƙon kowane tanti. Irin wannan yadi yakan kai shekara 30, saɓanin tamfol mai rufin roba da ke gajiya da wuri a rana irin tamu. Sharaɗinsa shi ne a ɗaure shi tamau, a ba shi gangara sosai, domin Jidda ba ta san ruwan Agusta ba, mu kuwa mun sani.

Filin jirgin Atlanta a Amurka, wanda fasinjojinsa suka haura miliyan 100 a shekara, ya kafa manyan rumfuna biyu a ƙofofinsa tsakanin 2018 da 2019, kowace tsawonta ya kai kimanin mita 260, aka rufe su da wata leda mai ƙarfi da ake kira ETFE, wadda nauyinta bai wuce kashi 1 cikin 100 na nauyin gilashi ba. Abin sha'awa ne a ido, amma a yi tunani sau biyu kafin a kwaikwaya. Masu sayar da ita da masu sayar da gilashi sukan ce ruwan sama ne ke wanke su, mu kuwa daga Nuwamba zuwa Maris ɗigo ba ya sauka, ƙura ce kawai take sauka. Sannan rufin da haske ke ratsawa zafi ma yana ratsa shi, mutumin da ke tsaye da akwati a Afrilu kuwa inuwa yake nema. Nau'in ETFE da ake hurawa kamar matashin kai yana bukatar famfon iska dare da rana, wato wani sabon nauyi a kan janareto.

Ga tashoshi irin na Kaduna da Kano da Katsina da Sakkwato, abin da ya fi kwanciya a raina shi ne rufin alminiyom ko kwano mai kauri, fari ko mai haske, da abin tare zafi a ƙarƙashinsa, da silin da zai rufe ƙarafunan. Abin tare zafin yana kashe ƙarar ruwa a kan kwano, wadda in ba haka ba za ta haɗiye sanarwar lasifika. Silin ɗin kuma yana hana tantabaru da jemagu samun wurin zama, kashinsu yana cin fenti yana ɓata kayan fasinja. In ana son haske, a bar 'yan siraran layuka na gilashi mai ninki biyu da roba a tsakani, irin wanda ko ya fashe ba ya zubowa. Ƙarafunan a tsoma su cikin narkakken tutiya kafin fenti, a sa roba tsakanin alminiyom da ƙarfe domin haɗuwarsu cikin danshi tana jawo tsatsa. Siffa kuma, tunda an zo kanta, ba sai an je nesa ba: bakan gizo da ɗaurin guga, wato lanƙwasassun bakunan ƙasa masu riƙe rufi, na Masallacin Juma'ar Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, sun nuna yadda haƙarƙarin rufi zai zama shi ne adon ɗaki. A ɗauki wannan tunani, a bar manna zanko na roba a saman ƙarfe. Wanda yake son ɗora sola a kai ya fara tabbatar da cewa ƙyallinta ba zai doki hasumiyar masu ba jirage hannu ko idon matuƙi ba.

Tsaro da masu rauni

Tun bayan 30 ga Yuni 2007, ranar da aka tuƙo wata jif ɗauke da tukwanen gas aka afka wa ƙofar tashar jirgin sama ta Glasgow a Birtaniya da ita, filayen jirgi da yawa suka janye titin motoci daga jikin gini. A yi amfani da damar aikin rumfa a yi haka: a faɗaɗa dandamalin masu tafiya a ƙafa, a jera turakun ƙarfe masu zurfin harsashi waɗanda tazararsu ba ta wuce mita 1.2 ba, yadda keken mara lafiya da kurar kaya za su wuce, mota kuwa ba za ta wuce ba. Ginshiƙan da ke bakin titi a yi musu gindin kankare, kuma injiniya ya nuna cewa in mota ta karya guda ɗaya rufin ba zai rufto ba. Wayoyin fitila da kyamara da lasifika da na kare tsawa a bi da su ta cikin ginshiƙi tun a zane. Dokar hana wariya ga masu bukata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin da ya cika a Janairun 2024; gangarar keke kada ta wuce tashin mita 1 a cikin mita 12, daɓen kuma ya zama mai kaushi, domin tayil mai sheƙi in ya jiƙe tarko ne ga tsofaffi. Alluna su zo da Hausa da Turanci da zane.

Aiki ana tsaka da zirga-zirga

Tasha mai cunkoso ba a rufe ta domin rumfa. A Atlanta yawancin ɗora manyan ƙarafunan da dare aka yi shi, gari na wayewa a buɗe titi. Hanyar ita ce a raba gaban tashar kashi uku ko huɗu, a killace ɗaya da katanga, a yi wa fasinja hanyar wucin gadi mai rufi, kada kuma a taɓa rufe ƙofofi biyu maƙwabta a lokaci guda ko a toshe hanyar fitar gaggawa. A ƙera komai a masana'anta, a haɗa ɗaki ɗaya a can a gani ya zauna, a kawo sauran a ɗaure da bol da noti, walda a wurin ta zama kaɗan. Kafin katafila ta sa baki a ƙasa a haƙa ramukan gwaji da hannu, domin gaban tsohuwar tasha cike yake da wayoyi da bututun da taswira ta manta da su, kuma waya ɗaya da aka tsinke za ta iya kashe na'urorin tantance fasinja. Tsayin kuren da sa'o'in aikinsa sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da sanin hasumiya.

Kalandar aikin a ɗora ta a kan ta yanayi da ta ibada. Haƙa da zuba kankare a yi su da rani, amma a tuna cewa busasshiyar iskar hunturu tana shanye ruwan kankare ta tsattsaga shi, saboda haka a lulluɓe shi da buhu a riƙa jiƙawa kwana 7 aƙalla, a jira gwajin kwana 28 kafin a ɗora masa cikakken nauyi. Rufi a gama ɗaure shi kafin guguwar Afrilu da Mayu, domin rufin da aka ɗora rabi ya fi kowanne sauƙin tashi. Makonnin jigilar alhazai, tafiya da dawowa, a cire su daga jadawalin tun farko.

Zanen ya fito daga hannun mai zanen gini mai rajistar hukumarsu ta ARCON, lissafin ƙarfe daga injiniya mai rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN, wani injiniya daban kuma da ba shi da alaƙa da ɗan kwangila ya sake bin lissafin. Araha ba ta ado: a auna kaurin ƙarfe da kwano da ma'auni ranar da aka sauke su, domin abin da aka rubuta a takardar kaya da abin da ke kan tirela ba kullum suke daidai ba. Ranar miƙa aiki a toshe mafitar kowace gwata da gangan, a cika ta da tiyo, a ga indararon ko-ta-kwana ya zuba inda aka nufa. Kuɗin da aka saba riƙewa, kashi 5 cikin 100, kada a sake shi sai rumfar ta ga damina guda cikakkiya, daga guguwar Mayu har ruwan Satumba. A cikin takardun miƙa aiki kuma a rubuta sunan ofishin da zai share gwata a watan Afrilu kafin ruwan fari, ya sake dubawa a tsakiyar Agusta, ya wanke rufin bayan hunturu, ya bi notuna da sifana sau ɗaya a shekara, tare da tsani na dindindin da igiyar ɗaure ma'aikaci da aka kafa a saman rufin tun ranar gini.